Lambobin da Ba Sa Rabuwa

Kubura ce ta kawo mini su daga makaranta,
a bayan littafi, da jan biro.
"Kaka, akwai lambobin da ba sa rabuwa.
Goro bakwai, mutum biyu, sai an fasa ɗaya.
Sha ɗaya ma haka, sha uku ma haka:
ko mutum guda ya kwashe, ko kowa ya ɗau ɗaiɗai."
Na ce taurin kai ke nan, irin na ubanki.

Ulu na saya a kasuwar Ngaundere,
ƙulli biyar ruwan toka, ɗaya ja wur.
Muka ƙulla sharaɗi a bakin murhu:
sahun da ya rabu, toka,
wanda ya ƙi, ja.
Ita da lissafi, ni da tsinken saƙa.

Farkon mayafin sai ka ce an yanka rago.
Biyu, uku, biyar, bakwai,
ja na taka ƙafar ja,
kamar shekarar da Sanda ya hau jirgin ƙasa zuwa Duwala,
wayarsa ba ta barina in ƙare alwala.

Daga ashirin da uku aka soma ja da baya.
Na saƙa toka biyar kafin wani ya leƙo.
Bayan tamanin da tara, bakwai cur.
Damina ta zauna mana a Sabongari,
kwano na ɗiga a kwano,
yatsuna sun yi sanyi, ina hura su ina ƙirga.

Maƙwabciyata Dudu ta ɗaga shi ta yi dariya:
"Duwalar da ake kwana tsirara don zafi?"
Na ce ba don can ba ne.
Jirgi da safe yake shigowa,
kuma wuyan yaron nan bai taɓa shiri da raɓar garinmu ba.

Ɗari da sha uku na yi shi ranar Talata.
Kubura ta bi layin da ɗan yatsa, ta yi shiru,
ta ce, "Na gaba da nisa, Kaka.
Sai ɗari da ashirin da bakwai."
Na ajiye tsinke. Na ce gaya mini gaskiya,
akwai inda jan zai ƙare?
Ta ce malaminsu ya nuna musu a allo:
komai nisan da ka yi, akwai wani a gaba.
Ranar zuwansa ce ba a yi alkawari ba.
"Wani sa'in ma biyu suke zuwa,
sahu ɗaya tak a tsakaninsu."

Ban yanke jan zaren ba.
Ina tafe da shi ta gefe, a ɓoye cikin toka,
kada in neme shi in rasa.

Yau ina ɗari da ashirin da biyu.
Jirgi ya yi kuka a tasha tun ɗazu,
masu babur sun watse da fasinja.
Ashirin da biyu ta rabu.
Na juya mayafin, na ɗauko toka.