Launin Buji

A Jiratawa, bayan la'asar,
injin ban-ruwana ya yi tari uku ya yi shiru.
Zogale na jira, albasa ta sunkuyar da kai,
mai kwalaben mai na bakin titi
ya ƙara dala ashirin bai ko dube ni ba.

Habsu ta iso da jakar makullai a bayan keke,
'yata ta uku, mai baƙin mai ƙarƙashin farce.
Ta dire tukunyar gas ta uwarta kan kunya.
Na ce, wannan ai ta tuwo ce.
Ta ce, Baba, wuta ba ta san tuwo ba,
abin da aka miƙa mata shi take ci.

Ta kwance buji ta aza mini a tafi,
baƙi ƙirin, kunkunniya har wuya.
Ka gani? Mai ya rinjayi iska,
rabi ya ƙone, rabi ya bi hayaƙi.
Kuɗinka kake shaƙa tun bara.

Na ce, to ƙwanƙwasar nan fa,
da yake yi in rana ta take,
kamar maƙeri a cikin cikinsa?
Ta ce, gurɓataccen mai ne, marar haƙuri,
yana kamawa tun tartsatsi bai kira shi ba,
yaron da ke amsawa ba a ambaci sunansa ba.
Gas yana jira.
Sai dai nawa gare shi wajen ci,
dole tartsatsi ya yi sammako,
ya fita tarye tun fistan bai ƙaraso ba.

Ta zura tiyo a maƙogwaron karbirato,
ta shafa kumfar sabulu a kowace gaɓa,
ta zuba ido ko zai yi ƙwai.
Bai yi ba.
Ja na fari, shiru. Na biyu, shiru.
Na uku ya yi atishawa ta baya,
Nomau maƙwabcina ya tsallake kunya biyu
ya bar takalmi ɗaya cikin laka.

Ba ta yi dariya ba, ni na yi.
Ta murɗa ɗan ƙusa kaɗan, ta kasa kunne,
ta mai da shi baya rabin abin da ta murɗa,
sai murya ta daidaita,
irin ta mai daka da ta samu abokiyar luguden da ta dace.

Ruwa ya zo.
Ba zan yi ƙarya ba, kaurinsa ya ragu da yatsa guda,
amma na tsaya a bayan injin har magariba
idona bai yi yaji ba.

Ta ce, in iska ta yi yawa buji zai yi fari kamar toka,
zafi zai cinye bawul, kada ka yi rowa.
In ya yi baƙi, ka koma gidan jiya.
Nemi launin gyaɗa da aka sauke daga yashi
tun ba ta ƙuna ba.

Daren nan Tsayaba ta yi tuwo da karan dawa,
tana fifita wuta, tana fifita magana:
albasa ta samu tukunya, mai gida ya samu hayaƙi.
Na ci ban ce uffan ba.
Da asuba na kama hanyar Maraɗi neman ta biyu,
na tarar da layi ya kai bakin masallaci,
rabinsa masu lambu, kowa da laka a dunduniya.

Yanzu ran Juma'a, kafin wanka,
nakan kwance buji in ɗaga shi ga rana.
Ni da ban iya karatun boko ba
ina karanta abin da wuta ta rubuta cikin duhu,
wurin da ido bai taɓa shiga ba.
Makon jiya ya ɗan yi fari.
Ban kira Habsu ba.
Na murɗa kaɗan, na kasa kunne.