Kilo Arba'in

Da alli suka rubuta a ƙirjinta: a yanka.
Hannun wani yaro ne ɗan ofis daga Montevideo,
bai taɓa jin tarinta da asubar Yuli ba,
sa'ad da raɓa ke daskarewa a kan dogo,
ubana na hura tafin hannu, yana lallashinta ta tashi.

Goɗiya muke ce mata a Paso de los Toros.
Kan jirgi ce mai shan dizal, tan saba'in da ɗoriya.
Ta ja ulu, ta ja shanu, ta ja shinkafa,
ta ja amare, ta ja gawa.
Shekarar da kogi ya haɗiye unguwarmu
ita ta kwashe mu cikin dare, da kaji da katifu,
ruwa na lasar ƙafafunta,
ba ta ko yi tuntuɓe ba.

Yau ga ta a bayan loko,
ciyawa ta kai mata gwiwa,
fitilarta guda ta tsiyaye,
tsatsa na cin ta kamar ƙazuwa.

Wilmar Techera, mai sayen tsohon ƙarfe,
ba mugu ba ne.
Ya miƙo mini ƙoƙon mate, na zuƙa, na mayar,
ya ce: Nélida, ni ba tarihi nake aunawa ba.
Sikelina bai san ubanki ba.
Kilo ya sani.

Na ce: to, sayar mana da kilo.

Ƙarfe ɗaya ba ya amo.
Olegario mai gidan burodi ya sayi ɗari biyu,
ya ce a rubuta masa tankin mai, shi ma ciki ya sani.
'Yan ajin malama Mirta suka zo da sulalla cikin safa,
kowa noti guda.
Gwauruwar Bentancor ta sayar da tumaki uku,
ta ce jiniya take so,
don da ita marigayin ke gaya mata ta ɗora tukunya.
Wani da ya yi ƙaura tun ina goyo
ya aiko da kuɗin ƙafa ɗaya, ba suna, ba gaisuwa.

Ni kilo arba'in na iya.
Kujerar direba, da marikin birki,
inda fenti ya koɗe daidai faɗin tafin ubana.
Na sa nawa a wurin.
Ya yi mini yawa har yanzu.

Ranar wa'adi muka ƙirga, muka sake ƙirgawa
a kan teburin tasha, ƙarƙashin agogon da ya daina tafiya.
Saura tan tara.
Masu wutar yanka sun riga sun sauke tukwanen gas,
ɗaya yana cin lemo, yana tofar da 'ya'yan a kan dogo.

Techera ya zaga ta sau biyu, hannu a baya.
Ya ɗauki guduma ya ƙwanƙwasa haƙarƙarinta,
jan gari ya zubo masa a takalmi.
Ya daɗe yana kallon takalmin.
Ya ce: tsatsa ba ƙarfe ba ce.
A idona akwai tan tara a nan,
kuma ni ba na sayar da tsatsa.
Bai dubi kowa ba, ya shiga motarsa.

Kada in yi muku ƙarya: ba ta tashi ba tukuna.
Fistin biyu sun ƙage, batir sun mutu murus,
ɓeraye sun yi gado da wayoyinta.
Ran Asabar muna zuwa da buroshi da kananzir,
tsofaffi shida da yarinya guda mai son sifana,
mu kankare, mu yi gardama, mu koma gida da baƙin farce.

Allin kuwa, ruwan sama ya wanke rabi.
Sauran na goge da hannun rigata,
rigar da ban wanke ba har yau.