Takwas Suka Rage

Tun magariba ruwa ke dukan tagogin Batumi,
ƙarfe biyun dare, bai da niyyar ɗaukewa.
Mu goma sha ɗaya muka saura a gasar.
Tara za a biya.

Tsiala na raba karta kamar mai yankan albasa,
ba ta duban kowa.
Gaban Erdinç, mutumin Trabzon, kwandaloli sun yi bene.
Nawa, tafin hannu ɗaya ya rufe su.

Bakwai da biyu. Na yar.
Tara da huɗu. Na yar.
Kowane zagaye sai kuɗin tilas ya gutsure ni
kamar ɓera a buhun masara.
Ɗazu ina da ninkinsa goma sha biyu,
yanzu takwas.
Ashe haƙuri ma saye ake yi.

Shekara ashirin da shida ina tuƙa ƙugiyar tashar jiragen ruwa,
can sama, daga ni sai iska
sai kwantena tana lilo a ƙarƙashina.
Gocha da ya koya mini yakan ce:
"Revaz, iska ba ta tsaya wa kowa.
Bari ta ja numfashi, ka sauke."
Mai jiran ta kwanta ɗungurungum,
jirgi kan tafi ya bar shi da kaya a rataye.

Sarki da goma, duka baƙaƙe.
Ba abin a zo a gani ba ne.
Amma uku sun yar kafin ni,
biyu ne kawai a bayana:
yaro mai tabarau, da tsoron fita hannu rabbana ya cika wa ciki,
sai tsohuwa Mzia, fuska kamar ƙofar banki ranar Lahadi.

Takwas tana da sauran haƙori.
In ta koma huɗu,
da hamma a baki za a amsa mini.

Kuɗin shigar nan na gyaran rufin kicin ne.
Na ce wa Lamara sai wata mai kamawa.
Yanzu haka ta tara bokiti uku,
tana jin ɗigarsu daga kan gado.

Na tura duka.
Ko ƙara ba su yi ba.

Yaro ya yar, har da ajiyar zuciya.
Mzia ta ɗaga kusurwar kartarta,
ta ture kofin shayi gefe,
ta ce, "Nawa ne?"

Tsiala na ƙirgawa.
Kaya na tsakanin sama da jirgi,
hannuna kuwa ya riga ya saki.