Benci Na Goma Sha Tara

Bayan kasuwar albasa, in ka nufi Mayo Luti,
akwai ɗakin jan dutse
da ya girme ni, ya girmi kwaltar Gidar.
Ba a nan nake ibada ba. Ni kafinta ne.
Bencinsa goma sha tara,
ɗaya yana shagona, ƙafarsa ta karye.

Ran Talata aka kira mu ofishin filaye.
Jikan Jauro Hamajoda ya gyara babbar riga,
ya ce kakansa aro ya bayar,
aro kuwa ko ya shekara saba'in sunansa aro.
Fada, yaro ne, ya buɗe jaka
ya zaro wasiƙa da Faransanci
wadda gara ta ci daidai wurin sa hannu.
Wakilin magajin gari ya ce duk su dakata:
ginin ya tsufa har ya zama tarihi,
tarihi kuwa na hukuma ne,
za a kafa allo, a yanka tikiti.

Sai aka juyo kaina.
Malam Ilu, kai ka daɗe a unguwar. Na wane ne?

Na ce ban iya karatun hatimi ba.
Na dai san daminar da iska ta yaye kwanon.
Wanda na gani a kan tsani Vondu ne,
ƙusa cike da bakinsa,
kuɗin kuwa na matan da suka sayar da gyaɗarsu.
Na san Madalena Kiza,
makulli ɗaure a bakin zanenta,
tana share kashin jemage duk Asabar
tun mai rubuta maganata bai yi haƙori ba.
Ƙararrawarsu tsohon ƙarfen mota ce a reshen dalbejiya,
kuma Zurmba bai taɓa buga ta
liman bai sallame ba.
Wannan ma babu inda aka rubuta.

Magatakarda ya ce duk wannan ba hujja ba ce.
Gaskiyarsa.
Aka ɗage zama sai safiyo ya zo daga Garwa.
Aka manna takarda a ƙofa:
kada kowa ya shiga.

Da safiyar Lahadi na fito neman koko,
na same su zaune a ƙasa, a waje,
sun fuskanci rufaffiyar ƙofa,
waƙa ƙasa-ƙasa kamar masu lallashin jariri.
Makullin na nan a zanen Madalena.
Hannunta na kai gare shi, yana dawowa.

Na koma shago.
Ƙafar bencin ta kama, gam ya bushe.
Ban san na wane ne ba a wurin doka,
na jika, na Fada, ko na tarihi.
Na saɓa shi a kafaɗa,
na kai wa tsofaffin da gwiwa ta hana su zaman ƙasa.
Mutum huɗu ya ɗauka.
Suka matsa, ya ɗauki biyar.