Arba'in da Biyu

Ƙarfe tara nake kashe fitila,
amma ba na kwanciya sai na ƙirga.
Arba'in da biyu, a gadajen ƙarfe masu hawa biyu.
Ba da ido nake ƙirga su ba, da numfashi:
Kangyang na minshari kamar injin markaɗe,
Zulai na gardama da kakarta cikin mafarki,
Nanret kuwa ta yi lamo,
tana jiran takalmina ya wuce.

Sanyin Jos ba ya sallama.
Yana saukowa daga duwatsu, ya bi tagar
da aka ce za a gyara tun bara,
ya sami ƙafar da bargo ya kasa rufewa.
Ni ke bin sawunsa da tocila.

A takardar ɗaukata aiki an rubuta:
kula da ɗakin kwana.
Ba a rubuta zanin gadon 'yar aji ɗaya ba,
wanda nake wankewa kafin kiran asalatu,
in shanya bayan ɗakina,
nesa da bakin manyan 'yan mata.
Ba a rubuta daren da Ladidi ta ƙwanƙwasa ƙofa
tana rawar jiki, ta ga jini, ta zaci mutuwa ce.
Na dafa mata citta, na ce zauna,
ga abin da uwarki za ta gaya miki
da ba ta can Shendam.

Suna ce mini Mama a gabana.
A bayana, Kurtu.
Na sani. Bangon nan siriri ne.

Na ƙwace waya a cikin safa, cikin garin kwaki,
har cikin ƙunshin sabulu.
Ɗaya ta yi ƙara a aljihun teburina da tsakar dare,
muryar namiji, na ɗaure fuska na ɗauka,
ashe uba ne, direban tirela a hanyar Fatakwal:
ta ci abinci kuwa?
Na ce ta ci. Ta yi ƙari ma.

Ranar ziyara fili kan cika da kuloli.
Chundung takan zauna bakin famfo
tana wanke bokitin da ba shi da datti.
Sai in aika Farin Gada a sayo dankali da ƙwai,
in soya, in ce wata gwaggonki ta aiko, tana sauri.
Ba ta da gwaggo. Ta san na sani.
Takan ce, a gaishe ta.

Shekarar da gari ya rikice aka hana fita,
mun ji ƙara daga nesa, mun ga hayaƙi.
Na haɗa katifu a tsakiya, na kulle ƙofa,
na zauna da makulli a cinya.
Masu jan carbi suka ja, masu waƙar coci suka rera a hankali,
har barci ya kwashe su, kan wannan bisa kafaɗar waccan.
Sau bakwai na ƙirga kafin gari ya waye.

Tawa 'yar tana Bauci, hannun yayata.
Wata ce ke duba mata tsagar kitso,
wata ce ta san ranar da haƙorinta ya fita.
Ran Lahadi nakan kira, ta ce, Umma, ina aiki,
in ce to, yi aikinki.

Jiya aka ba da hutu.
Akwatuna sun tafi, ƙarfen gado ya yi tsirara.
Na share silifa guda, ɗankunne, rabin wasiƙa,
da wani rubutu a jikin bango, da fensir:
Kurtu ta yi kuka yau.
Ban goge ba.

Da dare na kashe fitila,
na tsaya bakin ƙofa,
na kama kaina ina ƙirge.