Kotun Rumfar Tanko

Lahadi ce, da la'asar sakaliya,
An ci mu a gida, uku da ɗaya,
Muka jawo ƙafa zuwa bakin hanya,
Rumfar Tanko mai faci, kowa da tasa taya,
Nan kotun Kakuri take zaunawa.

Ishaya direba shi ya fara:
"Alhaji Maiwada ya saye mu bara,
Ya dafa ƙirji ya ce fili zai gyara,
Ga gidajen mansa yau sun kai tara,
Ragarmu ko da igiyar shanya ake ɗaurewa."

Tanko na laluben huji a baho,
Bai ɗaga kai ba, ya ce: "Oho,
Kun manta zamanin karo-karo?
Motar haya ta mace mana a gadar Kawo,
'Yan wasa da kansu suke turawa."

Talatu mai kunun aya ta sauke kula:
"Ni koci Bulus ne ke ba ni wahala,
Ana zura mana, yana gyaran hula,
Ya fid da mai gudu, ya sako mana Bala,
Ɗan 'yar sakatare, ko tsayuwa ba ya iyawa."

Sidi tela ya ce: "Ku yi adalci,
Wata biyar ba albashi, ba kuɗin abinci,
Golanmu Habila, don kare mutunci,
Da dare Keke yake ja har Kasuwar Barci,
Da wane ido zai ga ƙwallo tana zuwa?"

Sai wani ya taɓo mikin: Ɗanjuma mai hagu,
Ɗan layinmu, barewa wajen gudu,
Dare ɗaya aka sayar da shi can Kudu,
Wasu sun ce miliyan goma, wasu huɗu,
Kuɗin dai sun bi kogi, ba dawowa.

"A kori koci!" "A'a, kwamiti!"
"Ku da ke haura katanga ba tikiti?"
Ishaya ya yi gum, ya kalli titi,
Dariya ta ɓarke har da tafawa.

Ni ina jin su, ina daga gefe,
Na tuna masaƙa kafin a rufe,
Mu sauka daga aikin dare da safe,
Mu kafa turaku biyu na ƙarfe,
Audugar na gashinmu, muna bugawa.

Sule-sule aka cire mana a wata,
Rigar Masaƙan Kakuri mu muka saƙa ta,
Matanmu a fitilar ƙwai suka ɗinka ta,
Shuɗiya, da ratsin fari a kafaɗarta,
Tawa na ƙasan akwati, asu na cinyewa.

To wa ke da kulob? Mai takarda da hatimi,
Da ke jin sakamako a waya daga Unguwar Rimi?
Ko yaron da ya ɗinke takalmi
Karo na uku, ya shiga ya zubar da gumi?
Ko mu da hawan jini ke kamawa?

Alhaji in ya ga asara zai tashi,
Koci gobe wata ƙungiya ta ɗauke shi,
Ɗan wasa ƙafarsa ce jarinshi,
Mu kaɗai aka bari da bashi,
Bashin so, wanda ba ya biyuwa.

Ishaya ya miƙe yana kaɗe wando:
"Na rantse, daga yau na bar kallon ƙwallo!"
Ya kai bakin kwalta, sai ya juyo:
"Wasan Kafancan, Asabar ne ko?
Ku yi sammako, ba na jiran kowa."

Talatu ta ce a rage mata kujerar gaba.
Tanko ya gano hujin, ya manna faci,
Ya hura, ya kai kunne, ya yi tsaki:
Can wani wurin iska na zurarewa.