Hanyar da Teku ke Haɗiyewa

Kwana biyar na gidan Elspeth ne,
haka muka shirya tun kafin in hau jirgi:
awa biyar na gumina kowace safiya,
ita kuma ɗakin sama, da tukunyarta, da mabuɗin ƙofar baya.
Ba kuɗi tsakaninmu.
Gayya ce, sai dai ta mutum ɗaya, ba makaɗi.

Da asuba nakan zura ƙafa a takalmin robar mijinta,
wanda ƙasa ta rufe shekara uku ke nan.
Sai na cusa tsumma a gaba kafin ya kama ni.
Kaji goma sha bakwai, ɗaya gurguwa.
Tumakin nan ba su san dusa da kanwa ba,
suna kallona kamar na zo karɓar bashi.
Na tone dankali har farce ya yi baƙi,
na shafe rumfar itace da koren fenti,
ruwan sama ya wanke rabi kafin la'asar.
Ta ce, a nan ba a fushi da ruwa.
Na ce, a garinmu roƙonsa ake yi.

Sunana ya fi ƙarfin harshenta.
Hansatu ya koma Hansa, na bar mata.
Ranar da na barbaɗa mata yaji a miya
ta yi tari, ta yi hawaye,
ta miƙo kwano a ƙara.

Asabar tawa ce.
Motar ƙarfe tara da kwata, kujerar taga.
A Craster hayaƙin kifi ya tare ni tun daga kwana,
na tsaya cak.
Kasuwar Yawuri ce ta biyo ni har nan,
kwandunan banda, muryar Inna Kulu tana cewa albarka.
Na shiga. Ba ƙuda, ba tayi,
farashi a rubuce, ba mai tambayar lafiyar gida.

Ni 'yar bakin kogi ce, na ɗauka na san ruwa.
Amma kogi yana da tsallake,
kana ƙwala kira, mai kwalekwale ya amsa.
Wannan ba shi da ƙetare.
Na ɗiba a tafi na ɗanɗana:
miyar wadda aka ɓata wa rai.
Wani farin tsuntsu mai idon ɓarawo
ya fizge soyayyen kifina daga takarda.
Shirwar garinmu ta fi shi kunya.

Lahadi ta shida na tafi Lindisfarne,
tsibirin da ake shiga ta kan kwalta.
Sau biyu a yini teku ke haɗiye hanyar.
An rubuta lokutan a allo, na karanta,
sai tsintar kwanson wuri ta ɗauke mini hankali.
Ko da na waiwaya, hanya ta zama ruwa,
sandunan gefe kawai ke leƙowa,
kamar karan dawa a gonar da ambaliya ta ci.

Ban yi kuka ba. Na yi sallah a kan yashi,
iska tana ja mini gyale.
Can nesa wasu dabbobin ruwa na nishi
kamar tsofaffi a zaman makoki.
Na tuna Baba yana gyaran koma yana cewa
ruwa ba ya cin hanya, aro yake yi.

Da duhu ya shiga ya maido ta,
jiƙaƙƙiya, da ciyawa a bayanta.
Na taka a hankali, aljihu cike da wuri.
A ɗaya bakin, fitilun wata tsohuwar mota,
da mace cikin rigar barci da kwat a sama,
tana ɗaga hannu, iska na yanka muryarta:

Han-sa-tu!

Duka ukun. Ba ta zubar da ko ɗaya ba.

Litinin na zura takalmin marigayi,
gurguwar kaza ta riga kowa zuwa.